Yadda za ka zauna da waƙar yaƙi ta Turawan Ingila har ka gane abin da ake cewa

Ka ba ɗalibi waƙar yaƙi ta Ingilishi ka ce ya yi sharhi, kafin ma ya gama karantawa ya riga ya shirya amsa: "mawaƙin yana nuna mana cewa yaƙi ba shi da kyau." Shikenan, wai an gama. To ai wannan ko yaron firamare ya sani, kuma ba don su faɗi wannan kaɗai ba mutane suka riƙa rubutu a cikin rami, taɓo har gwiwa, igwa tana tashi a kansu. Abin da ake nema a wajenka shi ne ka gano a ina mawaƙin yake tsaye lokacin da yake kallon yaƙin, da wa yake magana, me ya tura maka gaban ido, me kuma ya kawar da kai a kansa. Ga yadda nake bi, ko jarrabawa ce a gabanka ko sha'awa ce kawai.

Mataki na farko: shekara, da inda mai waƙar yake

Kar ka fara da ɗango na farko. Fara da tambaya biyu, yaushe aka rubuta, kuma marubucin ganau ne ko jiyau. Minti biyar a intanet ya ishe ka.

Ɗauki Rupert Brooke. Waƙarsa "The Soldier" a ƙarshen 1914 ya rubuta ta, yaƙin duniya na ɗaya bai fi wata biyar da farawa ba, samari suna ta layi a ofisoshin ɗaukar soja suna ganin kafin a jima za a gama a dawo gida. Cewa yake idan na mutu, ku ɗauka wani ɗan lungu a ƙasar waje ya zama Ingila har abada saboda ƙasar jikina tana wurin. Ka duba waƙar tun daga sama har ƙasa babu jini, babu rauni, babu ko bindiga, amma sunan Ingila da na Ingilishi sau 6 ya fito a ɗango 14. Brooke ya ɗan leƙa fagen daga a Antwerp, amma bai yi zaman ramuka ba, ya rasu ran 23 ga Afrilu 1915 a cikin jirgin ruwa a hanyar zuwa fagen daga na Gallipoli a Turkiyya, gubar jini ce ta kashe shi bayan cizon sauro, aka binne shi a tsibirin Skyros na ƙasar Girka. Makonni kaɗan kafin nan an karanta waƙar a babban cocin St Paul da ke Landan ranar Ista, to ka ga yadda ta zama ta kowa.

Yanzu matsa gaba kaɗan. Ran 22 ga Afrilu 1915 Jamusawa suka saki iskar guba ta kulorin a Ypres ta ƙasar Beljiyom. Ran 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gwabzawar Somme a Faransa, sojan Birtaniya fiye da 19,000 suka mutu a wuni ɗaya, idan aka haɗa da masu rauni da waɗanda suka ɓace sun haura 57,000. Duk waƙar da sojan da ke ramuka ya rubuta bayan wannan, da wani kunne daban za ka saurare ta. Wanda ya karanta Brooke bai san 1914 ba ce zai ce mutumin maƙaryaci ne, alhali abin da zai yi ƙarya a kai ma bai faru ba tukuna.

Amma fa kar ka ɗauka ganau kullum ya fi jiyau iya waƙa. Thomas Hardy bai taɓa sa kakin soja ba, ga shi "The Man He Killed" ta 1902, lokacin yaƙin Boer a Afirka ta Kudu, tana cikin mafi ƙarfi da za ka karanta. Za mu dawo kanta.

Mataki na biyu gajere ne: karanta da baki, sau biyu, kafin ka taɓa ƙamus. Mu da muka taso da waƙar da ake rerawa bai kamata a yi mana dogon bayani a nan ba, kari a kunne yake. Gwada da "The Charge of the Light Brigade" ta Tennyson, wadda ya rubuta a 1854 bayan ya karanta labarin a jarida, mahaya wajen 600 da aka tura su ruga cikin bakin igwar Rasha a Balaclava, a yaƙin Crimea, saboda umarni ya rikice a hanya. Ko ba ka gane rabin kalmomin ba za ka ji sukuwar dawaki a cikin karin. Kusan kirari ce, jinjina ake wa mazaje, duk da haka akwai ɗan wurin da ya sako cewa wani ne ya tafka kuskure, sai ya wuce da sauri bai kama suna ba. Ka sa alama a irin wannan wurin. Bayan karatu na biyu sai ka ja layi ƙarƙashin kalmomin da suka hana ka tafiya, su kaɗai za ka nema.

Mataki na uku: wa ke magana, kuma da wa?

Nan ne aikin yake, don haka za mu daɗe. Ka samu biro ka kewaye duk inda aka ce "mu", "ni", "shi", "kai" a waƙar, ka ga inda ɗaya ya sauka ɗaya ya hau. Bari mu yi da "Dulce et Decorum Est" ta Wilfred Owen, ɗango 28, ya fara rubuta ta a Oktoba 1917 yana jinya a asibitin Craiglockhart kusa da Edinburgh, inda ake kai hafsoshin da ƙarar bama-bamai da abin da suka gani ya taɓa musu ƙwaƙwalwa.

Baitin farko "mu" ne. Sojoji suna dawowa daga bakin daga za su inda za su huta, sun duƙufa kamar tsofaffin mabarata da suka ɗauko buhu, gwiwoyi suna haɗuwa, suna tari irin na tsofaffin mata, suna zagi suna jan ƙafa cikin laka. Wasu tafiya suke suna barci. Da yawa takalmi ya fita, jini ne ya zame musu takalmi. Gajiya ta bugar da su har ba sa jin harsasan igwa da ke faɗowa a bayansu. Ka lura, waɗannan samari ne 'yan shekara 19 zuwa 20 da wani abu, amma Owen ya fara da mayar da su tsofaffi, kuma baya suke yi, ba farmaki suke kaiwa ba. Tun nan ya rushe hoton da ke jikin takardun neman soja.

Sai kwatsam wani ya yi ihu, iskar guba, ku yi sauri! Kowa ya hau laluben takunkuminsa hannu na rawa, suka samu suka saka da ƙyar, sai mutum ɗaya bai samu ba, yana ta ihu yana tangaɗi. A daidai nan "mu" ta ɓace, "ni" ta shigo. Mai maganar yana kallonsa ta gilashin takunkumi da ya yi hazo, komai ya koma kore saboda iskar, sai ya ga kamar a ƙarƙashin teku mutumin yake nutsewa. Kuma ba ƙawa ce ta mawaƙi kawai ba, irin wannan guba huhu take cikawa da ruwa, mutum a kan tudu yake amma nutsewa yake da gaske.

Bayan nan akwai ɗango biyu da aka ware su kaɗai, kuma lokaci ya canza daga "ya faru" zuwa "yana faruwa": a duk mafarkina yana faɗo mini, yana shaƙewa, yana nutsewa, ni kuma ba abin da zan iya. Wato yaƙin bai ƙare a filin ba, ya biyo shi gado. Idan ka tuna a wane asibiti aka rubuta waƙar, ɗangon nan biyu sun ishe ka shafi guda na sharhi.

Baitin ƙarshe kuma "kai" ne, kuma jimla ɗaya ce doguwa da ba ta barinka ka yi numfashi. Da kai ma za ka bi bayan amalanken da muka jefa shi ciki (jefawa fa ya ce, ba kwantarwa ba), ka ga fararen idanunsa suna juyawa, ka ji jini yana ƙugi daga huhunsa duk lokacin da ƙafar amalanken ta faɗa rami, to abokina, da ba za ka ƙara gaya wa yara masu ɗokin suna tsohuwar ƙaryar nan ba. Ƙaryar ita ce maganar Latin da ke kan waƙar, ta tsohon mawaƙin Rum Horace, cewa abu ne mai daɗi da daraja mutum ya mutu don ƙasarsa, maganar da 'yan makarantar Ingila na lokacin suka sha haddacewa. To wane ne wannan "abokina"? A daftarin farko Owen ya sa sunan Jessie Pope a sama, wata mai rubuta waƙoƙi a jaridu tana zuga samari su shiga soja kamar wasan ƙwallo za a je, daga baya aka cire sunan. Ka ga kenan Bajamushe bai fito ko sau ɗaya a waƙar ba. Fushin duk na mutanen gida ne.

Wannan abin za ka yi ta cin karo da shi. Siegfried Sassoon, wanda Owen ya haɗu da shi a asibitin nan a 1917, shi kam gwanin zambo ne. Mutum ne da ya samu lambar yabo ta jarumta har abokansa suna masa laƙabin mahaukaci saboda rashin tsoro, sai a Yulin 1917 ya fitar da takarda ya ce ya daina yaƙi, masu ikon tsayar da yaƙin da gangan suke jan sa, har aka karanta takardar a majalisar dokoki. Maimakon kotun soja sai aka ce ai ba shi da lafiya aka tura shi Craiglockhart, abokinsa Robert Graves ne ya yi ta faɗi-tashi a kan hakan. Karanta "The General", ɗango 7 kacal: janar ya wuce yana gaishe da sojoji da fara'a, wasu kurataye biyu suna yabonsa cewa tsohon nan akwai kirki, sai ɗangon ƙarshe da aka ware shi gefe ya ce shirin farmakinsa ne ya gama da su duka biyun. Babu hawaye, baƙar magana ce zalla. Ni dai a ganina Sassoon ya fi saurin shiga, Owen ya fi daɗewa a rai.

Mataki na huɗu: ka tattara abubuwan da ake iya taɓawa

Ɗauki takarda ka raba biyu. Gefe ɗaya rubuta manyan kalmomi irin daraja, ƙasa, sadaukarwa, aljanna. Ɗaya gefen rubuta abin da ido zai gani ko hanci zai ji, taɓo, waya mai ƙaya, kwarkwata, ɓera, ƙuda. Gefen da ya fi cika zai gaya maka nisan mawaƙin da gawa.

Isaac Rosenberg shi ne misalin da nake so a nan. Ɗan talakawan Yahudawa ne da ya taso a gabashin Landan, mai zane ne, kuma kurtu ne, ba hafsa ba kamar su Owen da Sassoon, wato shi ne mai ɗaukar kaya da haƙan rami. A "Break of Day in the Trenches" gari yana wayewa, ya miƙa hannu zai tsinki jan furen nan na popi ya saƙala a bayan kunne, sai ɓera ya tsallake hannunsa. Sai ya hau hira da ɓeran, yana ce masa da sun san halinka da sun harbe ka, yanzu ka taɓa hannun Bature ɗan Ingila, an jima ka tsallaka ka taɓa na Bajamushe, kuma kai ka fi ƙartin nan damar kaiwa gobe. Bai yi wa kowa wa'azi ba, ɓeran ya yi masa aikin. An kashe shi ran 1 ga Afrilu 1918. Yana da wata ma a kan sojoji tsirara da daddare suna farautar kwarkwata a rigunansu da hasken kyandir.

Kar kuma ka zaci dole sai an yi harbi. "Exposure" ta Owen sanyi ne abokin gaba, mutane suna kwance a rami dusar ƙanƙara tana zuba, suna jira, kuma amshin da ke ta dawowa shi ne ba abin da ya faru. Yawancin rayuwar soja jira ce, waƙar ta sa ka yi jiran tare da su.

Mataki na biyar: zubi da amsa-amo

Ƙirga ɗango, duba ƙarshen kowanne. Idan ka ga 14, to sonet ce, zubin da Turawa suka saba yin waƙar soyayya da shi. Brooke ya yi amfani da shi yadda aka saba, Ingila ce masoyiyar. Owen ya ɗauki zubin nan ɗin dai ya yi "Anthem for Doomed Youth", ya buɗe da tambayar wace ƙararrawar jana'iza za a kaɗa wa waɗanda ke mutuwa kamar shanu, ya amsa da cewa rugugin igwa da tatatar bindiga ne kawai addu'arsu, sannan ɗango shida na ƙarshe suka koma gida Ingila, wajen 'yan matan da fuskarsu ta koɗe da labulen da ake saukewa idan magariba ta yi. Rubutun hannunsa yana nan da gyare-gyaren Sassoon a jiki, jami'ar Oxford ta ɗora hotunan irin waɗannan takardu a intanet kyauta, yana da kyau ka gani da idonka yadda ake soke kalma a sa wata.

Sai wata dabara ta Owen da ɗalibai ke wucewa ba su gani ba. A "Strange Meeting", inda soja ya tsinci kansa a lahira ya haɗu da wanda ya kashe jiya, baƙaƙen ƙarshen ɗango suna dacewa amma wasalin yana kaucewa, kamar a ce ka haɗa "rami" da "rama". Kunne yana jiran amsa-amo cikakke sai a ba shi rabi, kuma sau da yawa sauti na biyun ya fi na farkon yin ƙasa. Idan za ka yi magana a kai kar ka tsaya a "ya yi amfani da rabin amsa-amo", ka faɗi abin da hakan ya yi maka, rashin natsuwa, jin cewa wani abu bai zauna daidai ba. Haka a waƙar Hardy da na ambata, sojan yana cewa na harbe shi saboda, sai ya tsaya, ya sake cewa saboda, kafin ya laluɓo cewa abokin gaba ne. In-inar nan ita ce waƙar. Ya riga ya faɗa cewa da a mashaya suka haɗu da sun zauna sun sha tare.

Mataki na shida: kar ka karanta ɗaya ita kaɗai. Wanda ya ji bakin mutum ɗaya a rigima ya yanke hukunci ai bai yi shari'a ba. Ɗora Brooke kusa da Owen, Tennyson kusa da Sassoon, sannan ka fita daga 1914 zuwa 1918 gaba ɗaya domin yaƙi bai tsaya nan ba. Keith Douglas kwamandan tankar yaƙi ne a hamadar arewacin Afirka a yaƙin duniya na biyu, a waƙarsa "Vergissmeinnicht" ta 1943 sun dawo wani fili bayan sati uku suka tarar da gawar Bajamushen da ya harbi tankarsu, ƙuda suna binsa, ga hoton budurwarsa ta rubuta masa kar ya manta da ita. Douglas ba ya kuka ba ya ihu, kallo kawai yake da sanyin ido, har ya lura bindigar tana nan garau mai ita yana ruɓewa. Tausayin Owen da sanyin Douglas, idan ka iya bayyana bambancinsu ka wuce yawancin 'yan ajinku. An kashe shi a Normandy ta Faransa ran 9 ga Yuni 1944 yana da shekara 24. Na kusa-kusa kuma akwai "Remains" ta Simon Armitage, 2008, wadda ya gina a kan hirar da aka yi da tsofaffin sojoji: sun harbe wani da ke gudu daga bankin da ake wawashewa, ƙila yana da makami ƙila ba shi da shi, an fara da "mu" uku muka buɗe wuta, aka ƙare da jini a hannun mutum ɗaya. Dabarar biron nan ta mataki na uku tana aiki a nan ma tsaf.

Mataki na bakwai: wa aka bari a waje?

A 1985 aka kafa wani dutse a cocin Westminster Abbey da ke Landan da sunayen mawaƙan yaƙin farko su 16, duka maza. Alhali mata sun rubuta, Vera Brittain ta yi aikin jinya, saurayin da za ta aura ya mutu a Disambar 1915, ƙanenta a 1918, kuma ta yi waƙoƙi a kai. Sannan kusan duk shahararrun waƙoƙin nan ramukan Faransa da Beljiyom suke kallo. Sojan Indiya fiye da miliyan ɗaya sun yi wa Birtaniya wannan yaƙi, kakanninmu na rundunar Najeriya sun yi shi a Kamaru daga 1914 zuwa 1916 sannan aka kwashe su zuwa gabashin Afirka, da Hausa ma ake ba su umarni, amma ba za ka gan su a baitocin Owen ko Sassoon ba. Ba laifi nake ɗora musu ba, kowa abin da ke gabansa ya rubuta, sai dai idan littafi ya ce maka "wannan ita ce muryar sojan yaƙin farko" ka san ta wani yanki ce.

Ko shaharar tasu ma daga baya ta zo. Waƙoƙin Owen 5 kawai aka buga yana raye. Ya koma fagen daga, aka kashe shi ran 4 ga Nuwamba 1918 wajen tsallaka mashigin ruwan Sambre, saura sati ɗaya cif a tsagaita wuta, saƙon ya iso wa mahaifiyarsa a Shrewsbury ran 11 ga wata ana ta kaɗa ƙararrawar murna. Littafinsa ya fito a 1920, amma har a 1936 mawaƙi W. B. Yeats ya ƙi sa shi a babban kundin waƙoƙin zamani da ya tace wa Oxford, yana ganin wahalar da mutum ya sha bai iya komai a kanta ba ba jigon waƙa ba ce. Sai wajen shekarun 1960 ya zama wanda kowane ɗan makaranta ke karantawa. A lokacin yaƙin kansa su Brooke da John McCrae, likitan sojan Kanada mai "In Flanders Fields" ta 1915, su ne a bakin jama'a, kuma ita wannan ta McCrae da jan furen tunawa ya samo asali daga gare ta, baitinta na ƙarshe cewa yake a karɓi tocilan a ci gaba da faɗa.

Idan ka zo rubuta amsa, fara da jimla ɗaya da ke faɗin matsayarka, misali cewa a waƙar Owen abokin gaba yana gida ne ba a tsallaken waya mai ƙaya ba. Kowane sakin layi ka kawo 'yan kalmomi biyu zuwa huɗu daga waƙar, kar ka kwafo baiti guda, ka faɗi dabarar, sannan ka ɓata mafi yawan tawadarka a kan abin da dabarar ta haifar. Tarihi jimla ɗaya ko biyu ya isa, kuma sai inda ya buɗe wani ɗango, asibitin Craiglockhart ya shiga wajen maganar mafarki, ranar haihuwar Owen ba ta da aikin yi a ko'ina. Idan kwatanta waƙa biyu aka ce, kar ka gama ɗaya sannan ka fara ɗaya, ka riƙe su tare a kowane sakin layi, murya da murya, hoto da hoto, zubi da zubi. Don gwaji, ɗauki "The Soldier" da "Anthem for Doomed Youth" yau, duka ɗango 14 ne, duka a kan gawar saurayi a ƙasar waje, ka ba kanka minti 40.